Ɗiyata na cakuɗa his da her, BEPC ta matso: malamin gida ko Katsina?

Uwargida Zariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ɗiyata tana ajin ƙarshe na kwaleji, bana za ta zauna BEPC, jarrabawar kammala kwaleji a nan Nijar. Lissafi da Faransanci lafiya lau, Ingilishi ne ke ja mata baya. Jiya na karɓi takardarta, mushe, wato malaminsu, ya zagaye wuri 7 da jan biro, duka a kan 'yan ƙananan kalmomin nan masu tsayawa a madadin suna. Keken yayanta namiji ta rubuta "her bicycle", jakata ni uwarta ta rubuta "his bag", mota kuma ta kira ta "she". Wani malami ya ce zai riƙa zuwa gida sau uku a mako, jika 15 na sefa a wata. Ƙanwata da ke aure a Katsina kuma ta ce in turo ta hutun Disamba ta zauna da 'ya'yanta masu karatu da Ingilishi. Kuɗin abu ɗaya gare ni, babanta ya bar mini zaɓi. Wanda ya taɓa gwada ɗaya daga ciki ya taimaka.

Ɗan Bagalam:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki saya wa yaron babbar waya kawai, komai yana YouTube. Shi da kansa zai koya.

Mai Kabu-kabu:
Ɗan Bagalam, ɗiya aka ce, ka mai da ta yaro. Kai da Hausa ma ka cakuɗa he da she, a haɗa ku aji ɗaya da ita a rage wa Hajiya kuɗi 😂

Mushen Ingilishi:
Hajiya, shekarata 14 ina koyarwa, kuma kuskuren ɗiyarki na san inda ya fito. Da Faransanci take tunani kafin ta rubuta. A Faransanci "sa" da "son" suna bin abin da aka mallaka: keke mace ne a wurinsu sai a ce "sa", jaka namiji sai a ce "son". Ingilishi mai abin yake kallo. Namiji ne, his. Mace ce, her. Hausarmu ma tana nuna mai abin: kekensa, kekenta, jakarsa, jakarta. Ki ce mata ta fara faɗa da Hausa a zuci, in ta ji sa ta rubuta his, in ta ji ta ta rubuta her. Haka mine shi ne nawa ko tawa, myself shi ne kaina, this da these wannan da waɗannan. Mai aikata abu I, he, she, we, they, wanda aikin ya faɗa wa me, him, her, us, them, kamar yadda muke cewa ya gan ta, ta gan shi. Inda Hausa ba za ta cece ta ba wuri biyu ne: it, don mu komai ko shi ne ko ita, da you, wadda ta haɗe kai da ke da ku. A nan sai yawan maimaici.

Alhaji Mai Atamfa:
Ni dai duk wanda ya ce mini malamin gida sai gabana ya faɗi. Shekarar da aka rufe iyakar Najeriya a 2019 na ga kasuwar Kano ta gagare ni, na ce bari in fara sayo kaya kai tsaye daga Dubai da Sin. Ba Hausa ba Faransanci a can, sai Ingilishi. Aka kawo mini wani yaro mai digiri, na biya shi wata uku a gaba, jika 90, don ni da babban ɗana. Kullum bayan la'asar a shimfiɗa tabarma a zaure, ya kafa allo, mu yi ta rerawa kamar 'yan makarantar allo: I, me, my, mine, you, you, your, yours. Ni da furfurata. Har yau in an tashe ni daga barci zan kawo su a jere. Ko sau ɗaya bai sa na haɗa jimla da bakina ba. Ana cikin wata na biyu ya ce zai je Yamai kwana uku, ban sake ganinsa ba, lambarsa a kashe.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya zo daga baya. Mun haɗa oda da wani abokin kasuwancina, dila 40, rabi nawa rabi nasa. Na rubuta wa mutumin can cewa ya tura "his" tukuna, a nufina nawa, don kaina ya ɗaure tsakanin jerin nan. Ya tura na abokina, nawa suka zauna sai da Sallah ta wuce. Atamfar Sallah bayan Sallah kun san yadda ake sayar da ita. Ɗana ya ga saƙon, shi ma bai gane kuskuren ba, ga shi tare muka yi rerawar. Hajiya, kada ki ba kowa kuɗi a gaba, ko ɗan uwanki ne.

Maman Tagwaye:
Allah ya mai da alheri Alhaji. Amma jika 30 a wata? An cuce ka tun daga farashi. Mu a unguwar Ali Ɗan Sofo ta Maraɗi jika 5 muke ba wani ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, yara uku yake haɗawa.

Ɗan Bagalam:
Jika 5 a ina? Ni jika 20 aka ce mini bara, shi ya sa na sayi waya.

Maman Tagwaye:
Kowane yaro 5 nake nufi, kuma su ke zuwa wurinsa.

Bakatsiniya a Maraɗi:
Yaya, ni a Katsina na girma, ki turo ta. Yare a kunne ake ɗaukarsa, ba a allo ba.

Mushen Ingilishi:
Da wane yare 'ya'yan ƙanwar tata suke hira a gida? Hausa, kamar nan. In ta fita titi ta ji Ingilishi kuma, galibi na kasuwa ne, inda "give am" ke nufin ba shi, ba ta, duka ɗaya. Yarinyar da ke fama da him da her a kai ta inda aka haɗe su? Mako biyu ma fa.

Alhaji Mai Atamfa:
Mushe, da girmanka, amma kai malami ne, dole ka ce a ɗauki malami. Ku bari mu da kuɗinmu ya ƙone mu yi magana.

Mushen Ingilishi:
Alhaji, ban ce ta ɗauke ni ba, ko suna ban ba ta ba. Wanda ya cuce ka jeri ya koya maka bai koya maka aikin kalmar a cikin jimla ba. Who, which, that, someone, nobody duk wakilan suna ne, kowane da inda yake zama, haddar jeri ba ta nuna wannan.

Mai Kabu-kabu:
Mushe tambaya: mai mata huɗu in zai ce uwargida ta kira, she zai ce ko they?

Malama 'Yar Kwantiragi:
Ana ta zagin malaman gida, ba wanda ya tambayi me ya kai iyaye neman su. Ajina na farko a kwaleji ɗalibai sun haura 80, littafin Ingilishi ɗaya mutum huɗu ke leƙawa. In na ce kowa ya tashi ya faɗi jimla ɗaya, sa'ar ta ƙare ban kai rabi ba. A 2025 an rubuta a kundin ƙasarmu Nijar cewa Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci harsunan aiki. Madalla. To littattafan fa? Kuma iyaye ku ma kuna da naku. Akwai gidan da na koyar wata huɗu, har yau wata biyu suna hannunsu, in na je a ce Alhaji ya yi tafiya.

Maman Tagwaye:
Malama, mu ma duk farkon shekara sai an karɓi kuɗin tebur da na alli, yarana har yanzu a ƙasa suke zama.

Alhaji Mai Atamfa:
Ba ni ba ne Alhajin da ya yi tafiya dai. Ni a gaba na biya.

Uwargida Zariya:
Na gode muku duka. Mushe, na gwada abin da ka ce da daddare, na nuna mata takalmin babanta ta ce takalminsa, his shoes, na nuna nawa ta ce her, ta yi daidai sau biyar a jere har tana dariya. Da muka zo kan akuya ta sake cewa she. Malamin nan gobe yake jiran amsata, kuma ya ce sai an ba shi rabin wata kafin ya fara. Maman Tagwaye, ɗalibin naku yana karɓar 'yan ajin BEPC?

Malama 'Yar Kwantiragi:
Rabin wata ai bai yi yawa ba Hajiya, in kin san sau nawa aka hana mu haƙƙinmu.