Neman shawara: tsohon birenbos na Power FC, in ɗaura ko in ajiye?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na sayi injin Nissan SR20DET mai turbo, irin na Silvia S13, zan sa a motar da nake wasa da ita. Da muka buɗe kwalin wayoyinsa sai ga birenbos biyu, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, na kamfani da kuma wanda ake iya saitawa, Apexi Power FC, har da ɗan rimot ɗinsa da ake kira Commander. Makanikena ya ce Power FC ɗin tsohon yayi ne, in jefar. Turbo da nozul duk na asali ne, ban canza komai ba. Don Allah masana, har yanzu yana da amfani?

Wani rewaya daga Kaduna:
Wa alaikumus salam. Kada ka jefar, Malam. Amma fara duba lambar da ke jikinsa, domin kowane Power FC an yi shi ne don nau'in inji guda. In na S13 ne, soket ɗinsa zai shiga wayar motar kai tsaye, ba yanke-yanke. Ka kuma gane ko L-Jetro ne mai aiki da na'urar auna iskar da ke shiga inji, ko D-Jetro mai auna matsin iska, don wannan na biyun sai da nasa sensa. Sannan a kwance murfin a leƙa ciki. Abin da ya kwana biyu haka, wani lokaci kafasito kan yi yoyo, ka ga kore-kore a kan allon. In ka ga haka, sai an gyara kafin a jona.

Wani mai saita injuna a Abuja:
Ƙanena, ni tsufansa bai dame ni ba, fetur ɗinmu ne abin tsoro. Saitin da yake zuwa da shi na man Japan ne mai oktan (ma'aunin juriyar fetur ga matsi) kusan 100, namu kuwa 90 ne zuwa 91. Ka haɗa da zafin watan Afrilu, ka taka totur turbo ya cika, sai inji ya fara ƙwanƙwasa, wato mai na fashewa ba a kan lokaci ba. Birenbos na kamfani in ya ji haka yakan ja lokacin tartsatsin fulogi baya da kansa. Power FC kuwa fitilar inji kawai zai rinƙa ƙyafta maka a dashbod, ya nuna lamba a Commander, shi ke nan. Kana kallon titi, fistin na narkewa.

Don haka in za ka ɗaura, sai da sensa mai faɗin awo a salansa, wadda ke nuna yawan iska da mai. A tsaye 14.7 daidai ne, wato kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai, amma in turbo ya cika ana son wajen 11.5. Shi Power FC ba ya gyara mai da kansa bisa wannan sensa, mutum ne zai zauna ya daidaita teburin lambobin da ke faɗa masa yawan man da zai bayar, gida 20 sau 20. Da Commander za a iya, sai dai ka sha latse-latse har yatsa ya gaji. Da akwatin Datalogit, mai haɗa Power FC da laftof, aikin ya fi sauƙi.

Wani ɗan rukuni:
Ni dai ban ga dalilin wahalar ba, Oga. Inji bai canza ba, me zai ƙaru da shi? Ya bar na kamfani kawai. Ranar da ya sa babban turbo da manyan nozul, ko ya sa allon Nistune a cikin na kamfanin don a iya saita shi, ko ya tara kuɗi ya sayi sabo irin Link ko Haltech, masu rage wa inji ƙarfi da kansu in abu ya ɓaci.

Mai saita injuna:
Gaskiyarka a nan. Sai dai kuɗin sabon, da dala yadda take, zai iya kamo kuɗin injin kansa, shi kuwa wannan kyauta ya zo masa. Ga nozul 370cc na asali da ƙaramin turbo, Power FC ya isa har ya yi yawa, muddin an rage masa tayimin, wato an ja lokacin tartsatsin fulogi baya.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na duba, na S13 ne, L-Jetro, cikinsa tsaf. Zan tayar da motar da na kamfani tukuna har sensar ta iso. Oga na Abuja, in na kawo ta, akwai Datalogit a wurinka ko in nemo nawa?