Rufin gida ko tafiya Damagaram da Sallah? Dan Allah ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin dan Allah a sakaya sunana. Ni ma'aikaci ne anan Kano, mata ɗaya yara huɗu, gidan da muke ciki nawa ne alhamdulillah amma irin ginin nan ne na a hankali a hankali, lokacin da aka zo rufi kuɗi sun ƙare sai na sayi tsohon kwano a hannun wani da ya canja nasa. Tun daga nan duk damina da bokiti da roba muke lallaɓawa, to bara cikin Agusta silin ɗin ɗakin yara ya sha ruwa ya yi ciki har gefe ɗaya ya ɓallo kan katifa, Allah ya taimaka suna falo lokacin.

Ita kuma mai ɗakina 'yar Damagaram ce, rabonta da gida tun kafin a rufe boda a 2019. Daga rufe boda sai korona, daga nan haihuwa, da muka fara shiri kuma sai juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufewa, da aka buɗe a Maris 2024 ni kuma aljihu ya ƙi saboda tsadar da ta biyo bayan cire tallafin mai. Mahaifiyarta ta tsufa, ƙananan yaranmu biyu a waya kawai take ganinsu. Na yi mata alƙawari Babbar Sallar bana gaba ɗayanmu a can za mu yi.

Yanzu na kwashi adashi, miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Kafinta ya zo ya duba ya rubuta min miliyan ɗaya da dubu ɗari har da POP, wato silin ɗin filasta na ado, da fenti, tafiyar kuma da na lissafa kuɗin mota da tsaraba da abinda za a riƙe a hannu ta kai dubu ɗari biyar, ga ragon layya ban ma sa shi a lissafi ba. Ga damina ta kawo kai. Ban ce mata komai ba tukuna, ita har ta kai ɗinkin yara wajen tela. Wanne zan yi wanne zan bari?

Baban Amira:
Wa alaikumus salam. Malam ai wannan ba abin dogon tunani bane, gyara rufinka. Damagaram tana nan ba inda za ta je, amma silin in ya sake faɗowa da daddare yara na kwance fa? Ka ba ta haƙuri kawai, in mai hankali ce za ta gane.

Maman 'Yan Biyu:
Baban Amira Damagaram tana nan, tsohuwar fa kai ka san tana nan? Ku maza kun iya cewa a ba ta haƙuri. Tun 2019 take haƙurin nan bawan Allah. Wallahi da na karanta sai da na ji ƙwalla, ni da gidanmu yake Gumel in na yi wata uku ban je ba ji nake kamar ba ni da lafiya, balle wadda ta ƙetare ƙasa ta bar kowa nata saboda kai. Kuma kai mai tambaya abinda ya fi ba ni haushi cewa da ka yi ba ka faɗa mata ba, kana kallo tana kai ɗinki tana waya gida tana cewa muna nan tafe, sai saura sati ɗaya ka ce an fasa? Wannan shi zai fi mata ciwo ba fasawar ba. Yau ɗinnan ka zaunar da ita ka ajiye mata takardar kafintan da lissafin tafiyar, ita ma a ƙarƙashin rufin nan take kwana, ita take tashi tsakar dare tana jan katifa.

Magini Daga Dorayi:
Yallabai ni sana'ata ce, bari in faɗa maka yadda muke yi. In mai gida ya kira mu ya ce zo ka duba, to komai da komai muke rubutawa, ba cuta bace, amma ba lallai ne duka a yi yanzu ba. Cikin takardar nan taka cire POP cire fenti, waɗannan kwalliya ce, kuma ko kana da kuɗin ban ba ka shawarar ka yi POP bana ba, bari damina ɗaya ta wuce a kan sabon rufin ka tabbatar babu inda yake ɗiga, don POP in ruwa ya taɓa shi sai ya yi taswira ya fara zubowa, kuɗinka ya tafi a banza.

Sannan kafin ka sayi kwano ko falle ɗaya, a cire silin ɗin ɗakin yaran ka hau tsani da kanka da rana tsaka ka ɗaga kai. Duk inda ka ga haske yana shigowa nan ne ramin tsohuwar ƙusa, tsohon kwano matsalarsa kenan, ramukan gidan farko suna nan kai kuma an ƙara masa sababbi. Ka ɗau sukundireba ka soki katakon, in ya shige ba wahala ko ka ga gari yana zuba to gara ta gama da shi, wannan dole a canja. In gidanka mai farafet ne, wato ginin da ake ɗagawa ya kewaye rufi ya ɓoye kwano, ka duba bayan farafet ɗin da bakin indararo, gidaje da yawa da ake cewa kwano ya mutu ba kwano bane, leda ce da ƙasar hunturu suka toshe indararo ruwa ya taru ya koma ciki. Na sha zuwa gidan da mai shi ya shirya sayen bandir biyar, muka share indararo muka yi faci da siminti da kwalta magana ta ƙare. Ban ce naka haka yake ba tunda silin har ya faɗo, amma a duba.

In ta kama a canja, a fara da ɗakin yara da inda kuke kwana, falo da kicin a toshe ramuka su jira baɗi. Bandir ɗaya falle 20 ne, ka sa kafinta ya auna a gabanka ya faɗa maka falle nawa. Kaya ka saya da kanka, kwano da ƙusa ka zagaya Ƙofar Ruwa ka tambayi shago uku huɗu, katako ka je 'Yan Katako Na'ibawa, shi kuma ku yi cinikin kuɗin aiki daban, kar ka ba shi duka a farko. A shafe katako da maganin gara ko baƙin mai kafin a ɗora, ƙusa a kan tudun kwano ake bugawa ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba, kuma a ɗaure rufin da langalanga a jikin gini, don ruwan farko da iska yake zuwa, ita take yaye rufin mutane duk shekara. Wayar wuta da ta bi ta silin ɗin da ya jiƙe ma a kira mai gyaran wuta ya gani.

Baban Amira:
To kun ji dai, magini ma rufin ya ce.

Magini Daga Dorayi:
A'a Alhaji, abinda nake nufi rabin kuɗin zai iya isar rufin, sauran kuma tsakaninsa da iyalinsa.

Ɗan Birni:
Salamu alaikum, ni daga Damagaram nake rubutu, surukinmu sannu da ƙoƙari. Gaskiya dubu ɗari biyar ɗin da ka lissafa ina jin tsaraba ce ta cinye fiye da rabi, don hanyar ba ta da nisa, Kano zuwa Kazaure zuwa Daura, ku ƙetare ta Kongolam ku bi Matamaye, wanda ya yi sammako da rana yana gida in ba a samu tsaiko a boda ba. Abinda zai ba ka wahala canji ne, naira ta faɗi, jika ɗaya ta sefa, wato sefa dubu ɗaya, yanzu ta haura naira dubu biyu, in ka zo da naira za ka ga kamar an yi maka sata. Ka yi canjinka tun daga Wapa, kuma kayan tsaraba irin atamfa da takalma da kayan roba a Kano za ka saya, ai mu ma daga Kwari ake kawo mana. Takardu kuma kar ka yi wasa, kowa da katin shaidarsa, yara da takardar haihuwa, da katin allurar shawara, jandarmomi a hanya suna tambaya, wanda ba shi da takarda shi ake saukewa a ɓata wa mota lokaci. Kuma tunda Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025 ka tambayi direbobin da ke bin hanyar kullum me ake nema a satin da za ku tashi, kar ka dogara da labarin wanda ya je bara.

Satin Sallah kuɗin mota tashi yake yi, wannan kowa ya sani. Amma ni ba zan ce a ɗaga ba, don na san abinda 'yar uwarmu take kewa. Layyarmu ba irin taku bace da ake yanka a soye a ranar, mu a nan feɗe ragon ake a buɗe shi a soke a jikin itace, a jera raguna a ƙofar gida a kewaye wuta, su wuni suna gasuwa a hankali kitse na ɗiga, unguwa duk ta ɗau ƙamshi, sai washegari a sauke a fara rabo gida gida. Wanda ya tashi da wannan in ya yi Sallah a wani wuri ji yake kamar bai yi ba.

Anti Mai Atamfa:
Ni tambayata ɗaya, dole ne sai ku shida kun tafi? Ta ɗauki ƙananan biyun da kakarsu ba ta taɓa gani ba, kai ka raka su har gida ka gaida surukarka ka kwana ɗaya ko biyu ka juyo, manyan su zauna wajen 'yan uwanka. Ka ga ma an samu sararin aiki, don wallahi cire rufi da yara a gida azaba ce, ƙura, tsohuwar ƙusa ko ina a tsakar gida, ga kaya an fito da su waje. Mu da aka yi mana sai da ƙaramin ya taka ƙusa muka kwana a asibiti ana allurar tetanus. Kuma batun tsaraba a rage buri, mu mata mu muke jawo wannan, sai an lissafa gwaggo da inna da maƙociyar inna kowa turmi guda. Tsohuwa da ƙannen da ke gida a yi musu mai kyau, sauran sabulu da turare ya wadatar, ba wanda zai ce don me.

Maman 'Yan Biyu:
Anti kin gama magana. Amma ita za ta zaɓi yaran da za ta tafi da su, kar a yanke mata.

Malamin Islamiyya:
Ƙarin bayani akan rago tunda ka ambata. Layya sunna ce mai ƙarfi ga wanda yake da hali, ba a ce mutum ya bar iyalinsa cikin ruwa ko ya ci bashin da zai dame shi don ita ba. In abinda ya rage ya isa ƙaramin rago ko tunkiya ko akuya da ta cika shekarun layya to alhamdulillah, ba dole sai mai manyan ƙaho da za a ɗaure a ƙofar gida ba. Alƙawarin da ka yi wa iyalinka kuwa ka yi iya ƙoƙarinka ka cika shi, ziyarar mahaifiya ba yawon buɗe ido bane.

Gwauron Group:
Ni dai ina karatu ina ɗaukar darasi, in Allah ya yarda 'yar layinmu zan aura, ganin gida da ƙafa za a dinga zuwa.

Anti Mai Atamfa:
Kai fara samun ɗakin da zai yi yoyon tukuna.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai 'yan uwa, Allah ya bar zumunci. Jiya bayan isha na nuna mata takardun duka biyu, ta yi shiru ta ce ita dama tun da ta ga kafinta ya zo ta san akwai magana. Ita da kanta ta ce POP ya jira, ta kuma soke kusan rabin sunayen da ke cikin lissafin tsaraba, amma ta ce babbar 'yarmu sai ta je saboda sunan tsohuwar ta ci, kenan yara uku za su tafi, namijin zai zauna gidan yayana. Da safe mun cire silin ɗin kamar yadda magini ya ce, ɗakin yara kam kwanon ya gama yawo, ramuka ba adadi kuma katako uku gara ta cinye, ɗakinmu da falo da sauƙi, indararo ɗaya ma a toshe muka same shi. Kafinta zai sake lissafi akan ɗaki ɗaya da faci, Asabar zan shiga Ƙofar Ruwa. Magini dan Allah wane kauri zan ce a ba ni na kwanon, kuma in ɗauki mai kala ko farin? Ɗan Birni kai kuma katin allurar shawarar har jaririya 'yar wata bakwai ake nema wa?

Ɗan Birni:
Allurar shawara sai yaro ya kai wata tara ake yi masa, ita ka riƙo katin rigakafinta na asibiti da takardar haihuwa kawai. In kun tsaida ranar ka sanar a nan.

Magini Daga Dorayi:
Kar ka bi kala, kauri za ka bi. Ka ɗaga falle ɗaya da hannunka ka girgiza, wanda ya yi laƙwas kamar takarda ka ajiye musu kayansu ko nawa suka rage maka. Ka tafi da kafintan amma kai za ka biya kuɗin da hannunka, kuma a ƙirga fallen a gabanka kafin a ɗora a mota.