Wai me za mu kira shi in mai kulob ya kwashe kulob ɗinsa ya bar gari?

Jama'a ku taya ni, ina rubuta labarin kulob ɗin besbol na Athletics a Amurka na maƙale a kan abin da Turawa ke ce wa relocation. Kulob ne da ya zauna a Oakland tun 1968, filinsu Coliseum ya tsufa tukuf, a 2013 har ruwan masai ya taso ya malale ɗakunan 'yan wasa, aka yi ta jan magana da hukumar birni kan sabon fili a Howard Terminal da ke tashar jirgin ruwan Oakland abu ya ƙi, sai mai kulob ɗin John Fisher ya ce Las Vegas zai nufa, daga baya jihar Nevada ta amince da dala miliyan 380 na kuɗin jama'a. Wasansu na ƙarshe a Oakland Satumbar 2024 aka yi, yanzu suna raɓe a wani ƙaramin fili a West Sacramento kafin a gama ginin sabon filinsu na Las Vegas da ake sa ran buɗewa 2028.

Wani ya ce in sa sauya sheƙa. A'a malam, wannan ta ɗan wasa ce ko ɗan siyasa, mutum ɗaya ya bar wani gida ya shiga wani, nan kuwa gidan ne gaba ɗaya ya tashi. Hijira ma ban yarda ba, ta yi nauyi, kuma wa ya kore su? Kuɗi suka bi.

Ƙaura ita ce ta fi kusa kuma na san ita 'yan jarida za su ɗauka, amma fa mai ƙaura da iyalinsa yake tafiya, su kuwa magoya bayan nan a baya aka bar su, a Yunin 2023 sama da dubu 27 suka taru a fili da koren riguna suna ihu Fisher ya sayar ya ba su wuri, ko a jikinsa. Ga shi dama Raiders, kulob ɗin ƙwallon ƙafa irin ta Amurka na Oakland, sun tsere musu zuwa Las Vegas ɗin a 2020.

Ni dai ɗauke kulob na zaɓa, kamar yadda ake ɗauke mana wuta ba shawara. Akwai mai ɗaukewa akwai wanda aka ɗauke wa, ƙaura ba ta nuna wannan. Kanun labarin zai zama: Fisher ya ɗauke wa mutanen Oakland kulob. Mai wadda ta fi ya kawo kafin in tura.