Kallon Wutar Olamfik a Ƙasar Maƙwabta: Shawarar Waɗanda Suka Je

Bakin waɗanda suka taɓa tsallaka iyaka don kallon wutar Olamfik, wadda ake zagayawa da ita gari-gari kafin a fara gasar wasannin, ya zo ɗaya: jiran da tsawo, kallon kuwa ƙiftawar ido ne. Kowane mai ɗauke da sandar wutar gudun 'yan ɗaruruwan mitoci kawai yake yi kafin ya kunna wa na gaba. Saboda haka suka ce ka nemi daidai wurin musayar ka tsaya, nan ne ake ɗan dakatawa.

Kada kiɗan motocin kamfanonin da ke ɗaukar nauyin gasar ya ruɗe ka, su ke fara wucewa, wutar tana baya. Kada kuma ka tare a tsakanin garuruwa, domin galibi a mota ake wucewa da ita cikin ƙaramar fitila.

Inda aka yi saɓani shi ne bikin yamma, lokacin da ake kunna wutar a cikin wani babban kasko. Wasu sun yaba, wasu sun ce cunkoso ne zalla, gara ƙaramin gari da safe. Ni ma nan na karkata.

Sauran sananne ne: fasfo a jikinka, ka sauka tun jajibiri domin ana rufe hanyoyi, kuma kada ka kusanci masu tsaron da ke gudu gefen wutar.