Harshen Tilung na Nepal: farfaɗowa yake yi ko gushewa?

Malam Bala: Jama'a, na ga ana ta cewa harshen Tilung ya kusa mutuwa, ni kuwa ban yarda ba. Ƙidayar Nepal ta 2001 ta samu mutum 310 masu jin sa, ta 2011 kuma ta samu 1,424. Abin da ya ninka fiye da sau huɗu a shekara goma, ta yaya za a ce yana mutuwa?

Hajiya Talatu: Malam, ka yi haƙuri, nan fa na saɓa maka. Mai ƙidaya tsayawa yake a ƙofar gida ya tambaya, mene ne harshenku? Abin da maigida ya faɗa shi zai rubuta, ba ya cewa a yi masa magana ya ji. Mutum na iya cewa Tilung don shi ɗan Tilung ne, alhali da Nepali, babban harshen ƙasar, yake kiran 'ya'yansa cin abinci.

Malam Bala: Ko da haka ne Hajiya, ai wanda ya daina jin kunyar ambaton harshen kakanninsa ya fara dawowa gida. Kuma tsarin mulkin Nepal na 2015 ya amince da duk harsunan uwa a matsayin harsunan ƙasa.

Baban Hanifa: Takarda daban, bakin yara daban. A gundumar Khotang ake jin Tilung, wajen Chyasmitar, cikin tsaunukan da ke tsakanin kogin Dudh Koshi da Sun Koshi. Makaranta da ofis da kasuwa duk Nepali ne. Matasa sun tafi Katmandu ko ƙasashen Larabawa ci-rani, su wa tsohuwa za ta yi wa tatsuniya da dare? Abin da ya fi damuna shi ne, wani masanin harsuna mai suna Opgenort da ya nazarce shi a 2011 ya nuna yana da gurbinsa na kansa a dangin harsunan da ake kira Kiranti, tsakanin harsuna irin su Thulung da Dumi a gefe guda, da su Chamling da Bantawa a ɗaya gefen. In ya tafi, ba wanda zai tsaya a madadinsa.

Hajiya Talatu: Mu ma kada mu manta. Ajawa na ƙasar Bauchi sun koma Hausa tsakanin 1920 da 1940, mutanen suna nan, harshen babu. Wallahi wannan yana taɓa ni, don a can namu harshen ne ya haɗiye nasu.

Malam Bala: Na ji ku. Amma har yanzu ina ganin mutum 1,424 da suka ce "namu ne" abin riƙewa ne.

Hajiya Talatu: To a ƙirga mana nawa ne a cikinsu ba su kai shekara goma ba.