Za a ba ni tirela zuwa Legas: me zan fi kula da shi?

Ɗan Jega: Assalamu alaikum manyanmu. Na gama zama yaron mota, na karɓi lasisin aji G, kuma maigidana zai damƙa mini tirela ƙirar DAF in riƙa ɗaukar albasa daga Aliero zuwa kasuwar Mile 12. Hanyar na san ta, amma riƙe sitiyari da kaina daban ne. Don Allah me zan duba kafin tashi, kuma me ya fi kayar da sabon direba?

Malam na Yauri: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa albarka. Fara da iska, domin birkin tirela iska ne. Da ka tayar da inji da safe, kada ka motsa sai allurar iska ta kai wajen 8 a ma'aunin "bar" na ƙarfin iska. Sannan ka kashe inji, ka saki birkin hannu bayan yaronka ya sa weji, wato abin tokare taya, ka taka birki ka riƙe minti ɗaya kana kallon allura. In tana ta sauka, akwai inda iska ke zurarewa, galibi a robar bakin tiyo biyun nan, ja da rawaya, da ke haɗa kan mota da bodin da yake ja. A gyara kafin a yi lodi.

Kullum ka ja zoben da ke ƙarƙashin kowane tankin iska. In ruwa ya fito da yawa, matatar da ke busar da iska ta gaji, a canza ta. In ka ga baƙin mai gauraye da ruwan, kwamfireso, wato na'urar da ke tara iska a tanki, ita ce ta fara lalacewa. Wannan ruwan shi ke sa bawul tsatsa, wata rana ya maƙale maka a tsakiyar hanya.

Abin da ya fi damuna da yaran yanzu shi ne sakin mota firi a gangara wai don rage shan mai. Wallahi ka kiyaye. A firi inji ba ya riƙe mota, kwamfireso kuma tana juyawa a hankali, kai kuwa kana ta cinye iska da ƙafa. Ka sa ƙaramar giya tun kana saman gangara, irin wadda za ka hau da ita, ka kunna birkin inji. Birkin ƙafa kuma ka taka sosai gudu ya ragu, ka ɗaga, ya sha iska, ka sake. In ka ɗora ƙafa ka bar ta, gangar birki za ta yi zafi ta buɗe, takalmin birki ya daina kamawa. In ka ji ƙauri ka tsaya a fili, ka sa weji, ka jira ta huce da kanta. Kada a watsa mata ruwa, tsagewa take yi.

Bakanike Gusau: Malam ya gama magana kan birki. Ni taya zan ƙara. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. 1522 na nufin mako na 15 a 2022. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC suna ɗaukar tayar da ta wuce shekara 4 a matsayin wadda ta ƙare, ko da zanenta na nan. Tayar gaba kada ta zama mai faci ko ta gwanjo. In ta fashe da lodi sitiyari ƙwacewa yake.

Auna iska da safe taya na da sanyi, da ma'auni, ba da bugun ƙarfe kaɗai ba. Da rana iska za ta ƙaru saboda zafin kwalta, kada ka rage. Tayoyin baya masu tagwaye, ka leƙa ta ciki, ita ce ke sacewa ba a sani ba ta bar wa 'yar'uwarta nauyi. Duk tayar da aka kwance aka mayar, a sake ɗaure notocinta bayan kilomita 50 zuwa 100.

Bayan haɗa kai da bodi, sa giya ka ɗan ja gaba birkin bodi na kame, sannan ka sauka da tocila ka ga ƙugiyar ta rufe. Lagireto ba a buɗe shi da zafi. In ka tsaya bayan doguwar tafiya, bar inji ya yi minti 3 kafin ka kashe, don tabo (turbo), mai tura wa inji iska, ya huce.

Alhaji mai lodi, Aliero: Yaro, albasa mai rai ce, tana son iska. In ka naɗe ta da tamfol ruf ta yi gumi, kafin Ibadan ƙasan buhu ya fara ruɓa; in ruwan sama ya jiƙa ta ma haka. Rufe sama, bar gefe iska na ratsawa. Ƙirga buhuna da idonka kafin ka sa hannu a takardar kaya, domin abin da ya ɓace kai za a tambaya. Kuma kada ka yarda a tula lodi ya wuce bodi. Nauyi in ya hau sama, mota kwanciya take a kwana ko a ramukan da ke tsakanin Kontagora, Mokwa da Jebba. Ƙara ɗaure igiya a Koko, don kaya na zaunawa bayan an fara tafiya.

Ɗan Jega: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Batun barci fa? Masu kaya kan matsa a isa kasuwa da wuri.

Malam na Yauri: Su matsa, amma kai ke kan kujera. Dokar hanya ta ba tirela kilomita 50 a awa a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya. A gudun 60 kana cin kusan mita 17 kowace daƙiƙa, ka ga gyangyaɗin daƙiƙa uku ya kai ka mita 50 ido rufe. Tiramol da haɗe-haɗen da ake sayarwa a tasha ba sa kore barci, ɓoye shi suke har ya zo maka gaba ɗaya. Duk awa 4 ka tsaya, ka yi alwala, ka zaga mota kana taɓa kan kowace ƙafa da bayan hannu. Wadda ta fi saura zafi, birkinta na kamawa ko boris, wato ƙarfen da ƙafar ke juyawa a kansa, ya bushe. Wurin kwana ka tsara shi tun daga gida, inda manyan motoci ke taruwa. Kafin ka bar Yauri ka tambayi direbobin da ke tahowa daga kudu halin da hanya ke ciki, kuma in magariba ta gabato ba ka kai gari na gaba ba, kwana inda kake.