In an tsaurara hukuncin laifukan zaɓe, a ina za a kwantar da masu laifin?

Tsohon Gandiroba: Assalamu alaikum. Ana ta kiran a ƙara wa masu maguɗin zaɓe hukunci, ni ma ina goyon baya. Dokar zaɓe ta 2022 ta tanadi ɗaurin wata 24 ga wanda ya fizge ko ya lalata kayan zaɓe, mai sayen ƙuri'a kuma tarar naira 500,000 ko ɗaurin wata 12 ko duka biyun. Amma ni da na yi shekaru da makullai a ƙugu, abin da ke damuna wurin kwana ne. Bayan wani zaɓe an kawo mana samari cike da mota da daddare. Ɗakin da muka zuba su dama ya cika maƙil, sai barci ya koma bi-da-bi: wasu su miƙe ƙafa, wasu su jingina da bango har asuba. Ba a yi wata biyu ba ƙazwa ta bi su duka. Wanda abin ya taɓa shafa ya ba mu labari.

Uwar Marayu: Wa'alaikumus salam, Baba. Ɗana na cikin irinsu. Naira dubu biyu aka ba shi ya tsaya a bakin rumfa. Duk ranar ziyara nakan ɗaure garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sabulu a leda, in bi layi a rana. Sau uku ina zuwa kotu ana ɗage zama, rana ɗaya ma cewa aka yi motar da za ta kawo su ba ta da mai. Ubangidan da ya tura shi kuwa ko wayata bai ɗauka ba. Ban ce yaron ba shi da laifi ba, wallahi ya yi, amma zaman jiran da ya yi ya kusa kai hukuncin kansa.

Lauya daga Kaduna: Allah ya ba da haƙuri, Mama. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya jiran shari'a suke yi. Shari'ar zaɓe kuma hannu biyu ke riƙe da ita: 'yan sanda su kama su yi bincike, INEC ta gurfanar, fayil ya yi ta kai-komo. Tun 2008 kwamitin gyaran tsarin zaɓe na Mai Shari'a Uwais ya ba da shawarar a kafa hukuma ta musamman kan laifukan zaɓe. Na taɓa roƙa wa wani yaro hukuncin yi wa al'umma aiki, wanda dokar gyaran hali ta 2019 ta tanada, alƙali ya amince, ya yi shara a kasuwa yana kwana a gidansu.

Mai Kicin: Ni a wajen girki nake. An ɗaga kuɗin abincin fursuna daga naira 750 zuwa 1,125 a rana, ci uku ke nan. Ku tambayi kuɗin mudun wake. Duk kan da ya ƙaru, ruwa muke ƙara wa gabza.

Tsohon Gandiroba: Gaskiyarki, 'yata. A 2023 sai da aka haɗa naira miliyan 585 aka biya tara, aka saki mutum 4,068 don a samu sarari. In tara ta ninka, mai kuɗi zai biya a bakin kotu, yaron Mama ya dawo mana. Mama, ya fito kuwa?

Uwar Marayu: Ya fito, Baba, alhamdulillahi. Yana koyon walda, amma har yanzu tarin da ya kwaso a can bai sake shi ba.